Ba makarantar yake ƙi ba, gidan yake gadi

Sau uku na ɗaura masa igiyar takalmi a safiyar nan, sau uku yana kwancewa. Babu faɗa, babu kuka. Da na juya in ɗauko jakarsa sai ya sa yatsa ya ja bakin igiyar a hankali, ya zauna yana kallon ƙasa kamar ba shi ya yi ba. A karo na huɗu na ɗaga murya. Ya dafe ciki ya ce, "Inna, wallahi ciwo yake yi." Na ce jiya ma haka ka ce, shekaranjiya ma haka, kuma ƙarfe goma na bugawa ka warke sarai kana tsalle a kan kujera.

Ɗan ƙanwata ne. Shekararsa tara lokacin da ya zo hannuna, da jaka guda da wata rigar sanyi da ta yi masa kaɗan amma ya ƙi yarda a rabu da ita. Uwarsa ta kwanta jinyar da ba ta kwana biyu ba ce, uban kuwa tun yaron na goye ya kama gabansa. Babu wanda ya zauna ya yi shawara da ni. An kira ni a waya da yamma, kafin dare ya raba yana kwance a ɗakin yarana. Haka riƙon dangi yake faɗo wa mutum galibi, ba shiri, ba takarda, ba wanda zai ce ga yadda ake yi.

Makonni biyu na farko ya tafi sabuwar makarantarsa lafiya lau, har ina yi wa 'yan'uwa alfahari a waya cewa yaron nan ba shi da matsala ko ta ƙwayar zarra. Ashe shirun baƙunta ne. Yana taka-tsantsan a gidan da bai san dokokinsa ba, sai da ya fara sakin jiki da ni sannan abin da ke cikinsa ya fito. Ranar Litinin ta mako na uku ciwon ciki ya fara. Na bar shi a gida. Talata ma haka. Laraba na kai shi asibiti, likita ya duba, ya danna nan ya danna can, aka yi gwajin da za a yi, ba a ga komai ba. Ni kuma a raina na yanke hukunci nan take: ƙarya yake yi.

Abin da na yi a wata guda da ya biyo baya ba abin alfahari ba ne, amma zan faɗa don na san ba ni kaɗai ba ce. Na yi barazana. Na yi alkawarin kyauta. Na hana shi kallo. Wata rana na ja shi da hannu har ƙofar makaranta yana tirjiya, mutane na kallonmu, ya riƙe ƙarfen ƙofar da hannu biyu har yatsunsa suka yi fari. Na ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya na miƙa shi ga mai gadi, na juya na tafi ina rawar jiki. Kafin azahar aka kira ni, ya yi amai a aji.

Yayanmu da ya ji labari ya ce, "Ke kike sangarta shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Wata 'yar'uwa kuma ta kira ta ce, "Haba, yaron da uwarsa ke kwance, ki bar shi ya huta mana, karatun guduwa zai yi?" Duk wadda ta taɓa riƙon ɗan ɗan'uwa ta san wannan wurin, gaba kura baya sayaki. In kin tsananta a ce don ba ke kika haife shi ba. In kin sassauta a ce kin lalata ɗan mutane. Kuma masu faɗin duka biyun babu wanda zai zo ƙarfe bakwai na safe ya ɗaura igiyar takalmin nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni kaina ban yarda da kaina ba. Da ɗan cikina ne, da na san iyakar da zan tsaya. Da shi kuwa kullum ina jin kamar ƙanwata tana tsaye a bayana tana kallon hannuna.

Amsar ta zo ne da daddare, ba tare da na nema ba. Ina ninke kaya, yana zaune a gefen gado yana wasa da zif ɗin rigar sanyin nan. Ya ce, "Inna, in na tafi makaranta ke ina kike zuwa?" Na ce wurin aiki mana. Ya ce, "Daga nan fa?" Na ce gida. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ranar da aka tafi da Umma ina makaranta. Na dawo na tarar ƙofa a kulle. Na zauna a waje har duhu ya yi."

Ban taɓa sani ba. Ni labarin da na sani ya fara ne daga kiran waya. Nasa labarin ya fara ne daga ƙofa a kulle, da awanni a zaune babu wanda ya tuna da shi, domin kowa hankalinsa na kan marar lafiya. A lissafinsa na ɗan shekara tara abin a bayyane yake: na tafi makaranta, uwata ta ɓace. In na sake tafiya, wannan ma za ta ɓace. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yaron nan gadina yake yi, ni kuwa ina ɓamɓare yatsunsa daga ƙofa.

Daga daren nan na shiga karance-karance, sai na tarar abin da na ɗauka namu ne mu kaɗai an yi kusan shekara ɗari ana rubutu a kansa. Tun 1932 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Isra Broadwin, ya bayyana yaran da ke ƙin makaranta ba don yawo ba, sai don fargabar wani mugun abu zai sami uwarsu in ba sa nan. A 1941 wata likitar, Adelaide Johnson, da abokan aikinta suka raɗa wa abin suna tsoron makaranta, suka kuma danganta shi da fargabar rabuwa. Bambancin da ke tsakaninsa da fashin makaranta na 'yan yawo ya taimake ni ƙwarai. Mai fashi yana ɓoyewa, ya sa kayan makaranta ya fita ya nufi wani wuri. Wannan kuwa ba ya ɓoye komai, a gabanki yake zaune, gida yake so, kuma in ba batun makaranta aka tayar ba yaro ne mai biyayya.

Wanda ya fi buɗe mini ido shi ne Christopher Kearney, masanin halayyar yara a Jami'ar Nevada da ke Las Vegas. Shi da Wendy Silverman sun fitar da wani ma'auni a 1993, kuma tambayar da ke ƙarƙashinsa ita ce, me zaman gida yake yi wa yaron? Sun kasa amsar gida huɗu. Wani yana gudun wani abu a makarantar da ke tayar masa da hankali, ko hayaniya ko wani lungu ko wani malami. Wani yana gudun idon mutane, a tashe shi ya yi karatu a gaban aji ko a yi jarrabawa. Wani so yake ya kasance kusa da babban da ya dogara da shi. Wani kuma abin da ke waje ne ya fi masa daɗi, wasa ko waya ko abokai. Namu na uku ne, da ɗan gaurayen na biyu da na gano daga baya. Amfanin rabewar shi ne maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Ni ina ta hana kallo da alkawarin kyauta, wato ina maganin na huɗu, alhali ciwon na uku ne.

Ciwon cikin ma ashe gaskiya ne. Fargaba tana sa jiki ya saki sinadaran shirin gudu, zuciya ta yi sauri, hanji ya murɗa, tashin zuciya ya zo. Warkewar ƙarfe goma da na riƙe a matsayin shaidar ƙarya, ita ce ma shaidar gaskiyarsa: lokacin tafiya ya wuce, haɗarin ya kau, jiki ya saki. Sai dai a nan tarkon yake. Wannan sauƙin da yake ji ƙarfe goma yana koya wa ƙwaƙwalwarsa cewa zaman gida ne ya cece shi, gobe tsoron sai ya dawo da ƙarfinsa har da ƙari. Shi ya sa Litinin ta fi kowace rana wuya, shi ya sa komawa bayan hutu take zama yaƙi. Don haka 'yar'uwata mai cewa a bar shi ya huta ita ma ba ta yi daidai ba, duk da tausayi ne ya sa ta faɗa. A Ingila da Amurka yaron da ya rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin karatu ana lissafa shi cikin masu yawan fashi. A shekarar karatu mai kwana 180, kwana 18 ke nan, kusan kwana biyu kacal a wata. Mu a wata ɗaya muka kusa cinye na shekara.

Sai batun makarantar kanta. Wasiƙar gargaɗi ta zo an rubuta "zuwa ga iyayen" wane. Na je. A fom ɗinsu akwai layin uwa, akwai layin uba, babu layina. Wadda ke ofis ta tambaye ni ko ina da takardar da ta nuna ni ce mai kula da shi, na ce ina da yaron dai. Ba ta yi dariya ba. Na fito ina tafasa, amma daga baya na ga laifin ba nata ba ne ita kaɗai, domin ban taɓa gaya wa kowa a makarantar halin da yaron ke ciki ba. Na yi masa rajista na tafi, ina ganin sirrin gidanmu ne. Su a wurinsu sabon ɗalibi ne malalaci mai uwa marar kula.

Wannan rashin ganuwa ba ƙaramin abu ba ne. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da yaran da ba sa hannun iyayensu, waɗanda babban zauren ya yi na'am da su a 2009, sun ambaci riƙon dangi da sunansa, har sun bambanta wanda hukuma ta tsara da wanda iyali suka yi tsakaninsu. Irin namu na biyun ne, wanda babu kotu babu jami'i, kuma yaro a cikinsa ba ya cikin kowane lissafi. Akwai kuma wani babban nazari na cibiyar Cochrane, mai tace binciken kiwon lafiya, a 2014 da ya tattara bincike 102, ya nuna yaran da dangi suka riƙe sun fi waɗanda bare suka riƙe ƙarancin matsalar ɗabi'a, kuma ba a yawan sauya musu gida. Na ji daɗin karanta wannan. Amma ina da ƙorafi a kan yadda ake fahimtarsa. Da an ji yaro yana hannun innarsa ko kakarsa sai kowa ya sauke ajiyar zuciya ya ce ai yana hannun nasa, shi ke nan an rufe magana. Kasancewarsa a hannun nasa bai goge abin da ya kawo shi ba. Babu yaron da ke komawa gidan dangi don daɗi ya yi yawa. Ko mutuwa, ko ciwo, ko ɗauri, ko shaye-shaye, ko rabuwar aure, wani abu dai ya karye kafin ya iso.

Na koma karo na biyu, wannan karon wurin malamar ajinsu kai tsaye. Na ce, "Malama, minti goma nake roƙo." Ban ba ta tarihin gidanmu duka ba. Na gaya mata abu uku: ba ni na haife shi ba, uwarsa tana jinya, kuma ranar da aka tafi da ita yana aji. Ta ajiye biron da ke hannunta. Ta ce makon da ya fara ciwon ciki, aikin da ta ba su shi ne kowa ya zana gidansu da mutanen gidan, ya tashi ya yi bayani. Shi ya miƙa farar takarda, ta yi masa faɗa. Matar nan sai da idonta ya kawo ruwa. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Da ita muka tsara komawar, kuma mun yi ta ne kaɗan-kaɗan yadda har Yaya ya ce wasa muke yi. Kwana uku na farko iyakarmu ƙofar makaranta. Ya sa kayansa, mu je, malamar ta fito su gaisa, mu dawo. Daga nan darasi ɗaya, ina zaune a benci a waje inda zai hango ni ta taga. Sai darasi biyu, ni kuma na matsa zuwa bakin ƙofa. Sai zuwa lokacin fita tara. Sai rabin yini. Kusan mako bakwai muka ɗauka kafin ya yi yini cikakke, kuma duk matakin da za mu ƙara sai mun gaya masa tun daren, ba ma yi masa ba-zata. Na daina tambayar "za ka je yau?" domin tambaya ce mai ƙofa biyu. Sai in ce, "Yau darasi biyu ne, ka ɗauko jakarka." In ya ce cikinsa na ciwo, na daina cewa ƙarya ne. Sai in ce na sani, tsoron ne ya zo, za mu tafi da shi tare, yakan sauka in an jima.

Ranar da ya kasa gaba ɗaya, ba duka ba zagi, amma gidan ba ya zama wurin shaƙatawa. Babu kallo, babu waya har lokacin tashi ya yi. Ya sa kayan makaranta ya zauna a tebur da aikin da malama ta aiko.

Abin da ya fi komai aiki kuwa ban karanta shi a ko'ina ba. Na je na yanko masa mukullin gidan, na sa a igiya ya rataya a wuya ƙarƙashin riga. Na ce, "Ɗana, ko me ya faru, ba za ka sake zama a waje ba. Wannan ƙofar taka ce." Na kuma rubuta masa a 'yar takarda inda nake a kowane lokaci, ƙarfe takwas ina wurin aiki, ƙarfe kaza ina hanya, ƙarfe kaza ina bakin ƙofarku, da lambar mutum biyu da za su zo in ni ban samu zuwa ba. Malamar ta ce takan gan shi ya sa hannu a ƙirji yana taɓa mukullin ta cikin riga, sai ya ci gaba da rubutu.

Sau ɗaya na saɓa. A mako na biyar aiki ya riƙe ni, na iso a makare da minti ashirin da biyar. Na same shi tsaye shi kaɗai, ba ya kuka, fuskarsa kamar an shafe ta. Bai yi mini magana ba har dare. Wannan minti ashirin da biyar ɗin ta mayar da mu baya da mako guda cur. Tun daga ranar, in na ga alamar zan makara ko da minti biyar ne, sai na kira an gaya masa kafin a tashi.

Wani abin da na lura da shi a makare: waya da uwarsa. Muna kiranta ne daren Lahadi, don lokacin ne kowa ke gida. Sai ya kwana yana juyi, Litinin ta zo a birkice. Muka mayar da kiran safiyar Asabar, ya sami yini biyu ya narkar da abin da ya ji a muryarta. Ban taɓa tunanin hana shi kiran ba, uwarsa ce, kuma rashin jin muryarta ya fi jin ta tayar masa da hankali. Barci ma na gyara, domin yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, shi kuwa da ƙyar yake samun bakwai.

Kada wani ya karanta wannan ya je ya yanko mukulli ya ce an gama. Naku yaron wataƙila wani ne ke cin zalinsa a bayan aji, ko ana yi masa gorin uwa ko uba, domin yara ba su da tausayin baki. Wataƙila allon ne ba ya gani. Wataƙila sauyin makaranta ya bar masa giɓi. Namu ma haka ta faru, tsohuwar makarantarsa ba su kai ga rabawa a lissafi ba, sabuwar kuma sun wuce ta, ya zauna makonni yana kallon allo kamar baƙon harshe bai gaya wa kowa ba. 'Yata babba ce ta toshe wannan giɓin da minti goma sha biyar kullum da yamma. Kuma in yaro ya daina cin abinci, ko ya daina barci, ko ya fara maganar cutar da kansa ko ta mutuwa, wannan ya wuce dabarar gida, likita ake nema ba tare da jira ba.

Ni kaina na ji jiki. Na ci hutun aikina na shekara a kan bencin makaranta. Autana ya fara cewa shi ma cikinsa na ciwo, ya ga abin yana jawo kulawa, sai da na ware masa nasa lokacin. Akwai daren da na shiga banɗaki na kulle na yi kuka, ina jin haushin ƙanwata da ba ta yi laifin komai ba, sannan ina jin kunyar haushin. Da na buɗe baki na ce wa Yaya na gaji, ga mamakina sai ya karɓi ɗauko yaron ranar Laraba da Alhamis. Mutumin da ya ce icce tun yana ɗanye, yanzu shi ne yake isa ƙofar makarantar minti goma kafin a tashi, don ya ji labarin abin da makarar da na yi ta jawo.

Yanzu shekararsa goma sha ɗaya. Uwarsa ta sami sauƙi amma ba ta kai ga karɓarsa ba tukuna. Litinin har yau takan zo da nauyi, kuma bayan kowane dogon hutu mukan koma rabin yini na kwana biyu. Makon jiya bayan sun fita ina share tebur na ga mukullin a ajiye kusa da kofinsa, igiyar ta yi baƙi don daɗewa a wuya. Na tsaya da shi a hannu ina jiran wayar makaranta. Ba a kira ba. Ya dawo da yamma yana ba ni labarin wani yaro da ya faɗi a filin ƙwallo, bai ko tambayi mukullin ba. Na mayar da shi inda na gan shi ban ce komai ba. Washegari da safe ya ɗauka ya rataya, ya tura shi cikin riga, ya durƙusa ya ɗaura takalminsa.